Gwanin da Ya Koya wa Yara Sauraro

Duk malamin da ya taɓa tsayawa gaban aji ya san riƙe hankalin yara na minti 10 ba ƙaramin aiki ba ne. To, a tara yara sama da 2,000 a zaure guda ranar Asabar, ranar da ba makaranta, a jera musu makaɗa kusan 100 a kan dandamali, a ce su zauna sa'a guda suna jin kiɗan da ba waƙa a cikinsa, ba rawa, wanda akasarin masu tsara shi sun daɗe da barin duniya. Wannan shi ne aikin da Leonard Bernstein ya runguma a birnin New York na Amurka daga 1958 zuwa 1972. Sau 53 ya yi shi a gaban kyamarorin gidan talabijin na CBS, kuma har yau, in ana maganar yadda ake gabatar wa yara kiɗan okestira, da aikinsa ake auna na kowa.

Gwanintar tasa ta tsaya ne a kan abu guda: ba ya barin kunnen yaro ya zauna banza. Kafin makaɗa su taɓa kayansu, ya riga ya ba yaron abin da zai nema a cikin kiɗan. Yaron da ke neman abu kuwa ba ya gyangyaɗi, ba ya tsokanar na kusa da shi. Yadda yake shirya wannan nema, da yadda yake sa yaro ya gano amsa da kunnensa kafin a faɗa masa, shi ne abin da ya cancanci a tsaya a duba.

Okestira ƙungiyar makaɗa ce irin ta Turai, mutum 80 zuwa 100, kowa da takardar kiɗansa a gabansa, ba mai ƙari ko ragi a kan abin da aka rubuta masa. Dangi huɗu ne a cikinta. Mafi yawa su ne dangin goge, masu tsirkiya huɗu-huɗu, daga ƙaramin da ake maƙalewa a ƙarƙashin haɓa har zuwa ƙaton da ya kai tsayin mutum, wanda ake kafawa a ƙasa. Sai kayan busa na itace: sarewa, da kilarinet, da basun, da obo, wanda ɗan'uwan algaita ne na haƙiƙa, don su biyun ta ɗan siririn baki mai leɓe biyu ake hura su. Sai kayan busa na tagulla masu amo irin na kakaki da begila. Sai ganguna da tambura da sauran abin bugawa. A gabansu madugu ke tsayawa da 'yar sanda a hannu. Shi ba ya kaɗa komai, amma shi ke faɗin inda za a tashi, da inda za a sassauta, da wanda zai ɗaga amo, da wanda zai yi ƙasa-ƙasa.

Wahalar wannan kiɗa ga yaro a fili take. Kunnen da ya saba da waƙa yana da abin riƙewa: mawaƙi ya ambaci suna, ya ba da labari, 'yan amshi su maimaita. A nan kuwa babu kalma ko ɗaya, kuma kiɗa guda, irin wanda ake kira simfoni, yakan ɗauki minti 30 ko 40 yana tafiya. Yaro zai saurara na ɗan lokaci, ya juyo ya tambayi uwarsa me ake cewa. In ba ta da amsa, shi ke nan, hankalinsa ya tafi wajen ƙirga fitilun rufi.

Waɗanda suka share fage

Ba Bernstein ne ya fara neman maganin wannan ba. Walter Damrosch, haifaffen Jamus, ya daɗe yana shirya wa yaran New York kiɗa, daga baya kuma, daga 1928 zuwa 1942, ya riƙa gabatar da shiri a rediyon NBC wanda ake kunna wa ɗalibai a cikin azuzuwa. Dabararsa ita ce ya laƙa wa sanannen kari 'yan kalmomi don yara su haddace shi. Ita kanta ƙungiyar da Bernstein ya jagoranta daga baya, New York Philharmonic, wadda aka kafa tun 1842, ta soma jerin kiɗe-kiɗenta na yara a 1924 a hannun Ernest Schelling, mai haska musu hotuna a bango yana bayani. A Landan kuma wani attajiri, Robert Mayer, ya kafa nasa a 1923.

Masu tsara kiɗa ma sun sa hannu. A 1936 Sergei Prokofiev ya rubuta wa gidan wasan yara na Mosko tatsuniyar Peter da kyarkeci, inda kowane abin kiɗa ya zama wani a cikin labarin: sarewa tsuntsu, obo agwagwa, kilarinet kyanwa, basun kakan yaron mai yawan mita, ƙahoni uku kuma kyarkeci. A Ingila, Benjamin Britten ya tsara wani kiɗa don fim ɗin koyarwa da ya fito a 1946. Ya ɗauko kari guda na tsohon gwani Henry Purcell, ya sa kowa ya kaɗa shi tare, sannan kowane dangi shi kaɗai, sannan kowane abin kiɗa ya fito ya nuna muryarsa, a ƙarshe ya sake harhaɗa su ɗaya bayan ɗaya. Duk waɗannan sun koya wa yaro ya gane wa ke magana. Saura ya gane me ke faruwa.

Nan Bernstein ya shigo. An haife shi a 1918 a jihar Massachusetts. Sunansa ya tashi ne dare ɗaya a Nuwamban 1943, yana ɗan shekara 25, ranar da madugu Bruno Walter ya kwanta rashin lafiya aka ce ya maye gurbinsa ba tare da gwaji ba, kuma rediyo na watsawa ko'ina a ƙasar. Abubuwa uku suka haɗu a kansa waɗanda ba kasafai suke haɗuwa a mutum guda ba: madugu ne, gwanin fiyano ne, mai tsara kiɗa ne kuma. Saboda haka in ya ce ga yadda wani kari ke juyawa, sai kawai ya zauna ya buga shi, ko ya rera da muryarsa mai kaushi, ko ya juya ya ɗaga hannu mutum 100 su kaɗa.

Labarin ƙarya da na gaskiya

Ranar 18 ga Janairun 1958, a zauren Carnegie Hall, ya fito bai ce uffan ba, ya ɗaga sanda, makaɗa suka ɓarke da wani kiɗa mai sukuwa. Can ya tsayar da su, ya juyo ya tambayi yara ko wannan kiɗan na mene ne. Zaure ya ɗauka: na kaboyi ne, na dawakai ne. Ba laifinsu ba ne, don da shi ake buɗe shirin Lone Ranger da kowane yaron Amurka ya sani, kuma ya gaya musu 'yarsa Jamie mai shekara 5 ma haka ta ce. Sai ya warware musu: Gioachino Rossini, mutumin Italiya, shi ya tsara shi don wani wasan waƙa a kan William Tell na ƙasar Suwizalan, kuma ba ruwansa da kaboyi. Abin da ke sa jininsu tashi, in ji shi, yana cikin bugun kiɗan ne da yadda sautuka ke bin juna, ko da doki ko babu.

Faɗa kawai ba ta isa ba, sai ya gwada musu. Ya ce zai ba su labarin da ke cikin wani kiɗa. Wai an ɗaure wani bawan Allah a kurkuku bisa zalunci, yana zaune cikin dare yana hura 'yar usur ɗinsa. Abokinsa Superman ya hau babur ya taho ceto. Makaɗa suka yi gudun babur. Ya iso ya tarar da fursunoni na sharar barci, kayan tagulla suka yi wani irin gurnani mai karkarwa, kowa ya ji minshari ƙarara. Ya fasa ƙofa, ya ɗauke abokinsa, suka tsere. Komai ya zauna daram. Sai da yara suka gama gamsuwa sannan ya ce musu duk shi ya ƙirƙira. Kiɗan na Richard Strauss ne, kuma labarinsa na gaskiya na Don Quixote ne, tsohon da karatun littattafan jarumai ya juya wa kai har ya ga garken tumaki ya ɗauka rundunar abokan gaba ce. Aka sake kaɗa shi, sauti bai sauya ko ɗaya ba. Minsharin ɗazu ya koma kukan tumaki, usur ɗin fursuna ta koma sarewar makiyayi.

A cikin 'yan mintoci yaro ya gano da kansa abin da manya ke rubuta littattafai a kai: in kiɗa guda ya ɗauki labari biyu ba tare da ya ragu ba, to daɗinsa ba a labarin yake ba. Daga nan Bernstein ya ja su zuwa ga abin da kiɗa ke tayarwa a zuciya. Ya ɗauko wani kari na Tchaikovsky mai hauhawa yana maimaita kansa, ya rera shi kamar yaron da ke tsananin son abu an hana shi, yana naci, yana ƙara naci, har ya fashe da kuka. Babu yaron da bai san wannan hali ba. Sannan ya rufe baki, ya juya musu baya, aka kaɗa wani kiɗan Maurice Ravel daga farko har ƙarshe ba tsayawa. Haka yake yi kusan kullum: bayani guntu-guntu, sannan a ba su abin ɗungurungum su ji da sabon kunne.

Shirye-shiryen da suka biyo baya kowanne da abu guda da ya sa gaba, kuma da yawansu tambaya ce ma sunansu. Mene ne kari? Me ke sa kiɗa ya ba da dariya? Wane ne Gustav Mahler? Ba ya tara darasi biyar a zama ɗaya. Sa'a guda, tambaya guda, ana kewaya ta ta kowace fuska har sai ta zauna.

A fara da wanda ba daidai ba

Dabarar da ta fi nuna ƙarfin halinsa ita ce ta sa babbar ƙungiyar makaɗa ta yi kiɗa mara kyau da gangan. A Disamban 1965 ya buɗe shiri da sashe mai sanyi na simfoni na 88 na Joseph Haydn. Masu goge suka narke a kan tsirkiya, kowane sauti na karkarwa, yatsu na sulalewa daga wannan sauti zuwa wancan, inda aka ce a yi ƙasa sai a yi kamar raɗa, inda aka ce a ɗaga sai a yi kamar aradu. Shi kansa yana lanƙwasa a kan dandamali kamar zai yi kuka. Ga wanda bai sani ba, abin gwanin daɗi. Da aka tsaya, sai ya juyo ya ce musu in sun ɗauka wannan kyakkyawan kiɗa ne, to sun yi kuskure, don abin da suka ji ɓarna ce.

Sai ya shiga warware ɓarnar zare-zare. Ya sa aka nuna yadda mai goge ke girgiza yatsa a kan tsirkiya don sauti ya yi rawa, da bambancin girgiza kaɗan da girgiza mai yawa. Ya nuna sulalewar yatsa. Ya nuna jan lokaci, wato a tsawaita nan a gaggauta can. Ya ce makaɗan ma sun yi yawa, don a zamanin Haydn, ƙarni na 18, ƙungiyar ba ta kai haka girma ba. Duk waɗannan kayan ado ne na ƙarnin da ya biyo baya, suna da wurinsu a kiɗan wasu, amma a nan kwalliya ce ta wuce gona da iri. Aka sake kaɗa sashen a tsabtace. Yanzu yaro na da abin kwatance a kunnensa, don ɗazun nan ya ji ɗayan. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma da an soma da mai kyan, da ya wuce ta gefen kunne ba wanda ya lura da abin da ya sa ya yi kyau. Darasin da ke ƙarƙashi ya fi na Haydn faɗi: ƙwararriyar ƙungiya ba ta ɗora muryarta a kan kowa, tana sauya murya ne gwargwadon mai kiɗan da take yi wa hidima.

Wani lokacin yaran yake mayarwa makaɗa. A Maris na 1958, da yake bayanin yadda mai tsara kiɗa ke zaɓar abin da zai ɗauki kowane kari, ya raba zauren, ya ba kowane ɓangare sautin da zai riƙe. Ya ce su yi shi da baki a tsuke a hankali, sannan da baki a buɗe, sannan da guɗa ta hanci, sannan a gutsuttsure da harshe. Sautin bai sauya ba, amma kowane karo launinsa daban, kuma da bakinsu suka yi. Bayan haka ya ba su Bolero na Ravel, wanda kamar don wannan darasi aka tsara shi: ƙaramar ganga na maimaita bugu guda na kusan minti 15, kari biyu ne kacal ke karɓa-karɓa, abin da ke sauyawa shi ne mai ɗaukar karin. Sarewa ta fara, ta miƙa wa kilarinet, shi kuma ya miƙa wa basun, ana ta ƙaruwa har kowa ya shigo. Yaron da aka ce ya bi sawun karin daga hannu zuwa hannu ba shi da lokacin gajiya.

Daga rediyo zuwa Mozart

Bernstein bai taɓa nuna wa yara cewa kiɗan da suke so a gida abin kunya ne ba. Daga shi ma yake tashi. A Nuwamban 1964, lokacin da samarin nan na Ingila, Beatles, suka rikita matasan Amurka, ya zo da darasi mai nauyi a kan tsarin da ake kira sonata, ginshiƙin akasarin simfoni. Sai ya zauna gaban fiyano ya rera wata waƙar soyayya ta Beatles mai suna And I Love Her. Zaure ya kaure da dariya da murna. Da suka lafa, ya ce su lura da gininta: kari na farko, a maimaita shi, wani kari daban ya ratsa, sannan na farkon ya dawo. Ya ce wannan gini mai hawa uku shi ne dai na sonata, girma kawai ya fi. Mai kiɗa yakan gabatar da karinsa a gida, wato a kan sautin da ya zaɓa ya zama tushe, ya fita da su yawo yana jujjuya su ta wasu sautuka, sannan ya komo gida. Daɗin da kunne ke ji a wannan komowa shi ne ribar tafiyar.

Don kada abin ya tsaya a baki, ya kawo ɗaliban wata makarantar kiɗa ta birnin, Mannes, ya jera su da manyan kwalaye, kowanne an rubuta sunan sashe guda. Aka kama sashen farko na simfonin Mozart na ƙarshe, wanda ake wa laƙabi da Jupiter. Duk inda kiɗa ya shiga sabon sashe, sai mai kwalin ya ɗaga. Yaro na ji, yana gani, can sai ya soma riga mai kwalin ganewa. Wannan rigen shi ne abin da ake nema. A 1966 ma da waƙoƙin rediyo na Beatles da Kinks ya nuna cewa wasu tsofaffin jerin sautuka, waɗanda aka yi amfani da su a majami'un Turai ɗaruruwan shekaru da suka wuce, suna nan da ransu a bakin matasa.

Aikin da ba a gani

Wanda ya kalle shi zai ɗauka hira kawai yake yi, abin da ya zo bakinsa yake faɗa. Ba haka ba ne. Da hannunsa yake rubuta kowace kalma da fensir, sannan a zauna da 'yan tawagarsa a bi rubutun layi-layi. Cikinsu akwai Roger Englander, mai shirya shirin da ba da umarni, da Jack Gottlieb, mataimakinsa ta fannin kiɗa, da Mary Rodgers. Aikinsu su farauto kalmar da ta fi ƙarfin yaro, da misalin da bai zauna ba, da barkwancin da manya kaɗai za su gane. Ga kuma agogo: talabijin ba ta ƙara wa kowa minti, don haka kowane guntun kiɗa sai an auna tsawonsa.

Makaɗan ma nasu aikin ya fi na ranar kiɗa ta yau da kullum wuya. A can sukan fara abu su kai shi ƙarshe. A nan kuwa misalai ne gutsi-gutsi masu ɗimbin yawa, wani na daƙiƙa 5, wani na 20, kowanne sai a shiga daidai kan kalmar da madugu ya ƙare magana, a tsaya cak inda ya tsaya. Tun da sassafe ake gwaji ranar Asabar ɗin. Shi kuma Englander da littafin kiɗan a gabansa yake ba masu kyamara umarni, don a daidai lokacin da obo zai karɓi kari, fuskar mai obo da yatsunsa ne za su cika allo. Ta haka yaron da ke zaune a gida ya ga abin da na kujerar baya a zauren bai gani ba. Daga 1962, shekarar da ƙungiyar ta koma sabon zaurenta a Lincoln Center, CBS ta yi shekara uku tana nuna shirin da farkon dare, lokacin da iyali ke taruwa, kuma an nuna shi a ƙasashe kusan 40.

Akwai wani darasi da ba baki ke ba da shi ba. Kusan kowace shekara yakan ware shiri guda ya gabatar da matasan makaɗa. A Janairun 1963 ya fito da André Watts, ɗan shekara 16, ɗan wani sojan Amurka baƙar fata da uwa 'yar Hungary, ya buga wani kiɗan Franz Liszt mai wuyar gaske a fiyano. Kafin watan ya fita, shahararren mai fiyano Glenn Gould ya kasa zuwa wani kiɗa na manya, Bernstein ya kira yaron ya maye gurbinsa, kuma daga nan Watts ya kama hanyar da ya bi har ƙarshen rayuwarsa. Seiji Ozawa na Japan da Claudio Abbado na Italiya, waɗanda daga baya suka jagoranci manyan ƙungiyoyin duniya, su ma sun riƙe sanda a wannan dandamali suna samari. Ga yaro mai kallo, ganin wanda bai girme shi da yawa ba a gaban makaɗa 100 ya fi dogon wa'azi.

Ba a rasa abin faɗa a kan aikin ba. Wasu darussan sun fi ƙarfin ɗan shekara 6, kuma kyamara kan kamo ƙananan suna hamma ko suna mutsu-mutsu. Wani lokaci maganar kan yi tsawo. Yaran da ke samun kujera a zauren kuma galibi 'ya'yan masu hali ne, sai dai talabijin ta kai wa sauran. Amma ko a nan zaɓinsa a bayyane yake. Ya gwammace ya ɗaga abin sama kaɗan yaro ya yi ɗage, da ya sauke shi ƙasa har ya zama wasan yara. Iyaye da yawa da suka raka 'ya'yansu su ma karatu suka yi. Shi kuwa bai ɗauki aikin na gefe ba: a kakar 1964 zuwa 1965, da ya ɗauki hutun shekara daga jagorancin ƙungiyar, bai ajiye na yara ba, kuma da ya sauka daga shugabanci a 1969 ya ci gaba da shi.

Sawunsa na nan a yadda ake wannan aiki yau. Ita New York Philharmonic ba ta daina kiɗan yara ba. Carnegie Hall kuma na da shiri mai suna Link Up, inda ɗaliban firamare ke koyon waƙa da 'yar sarewa a aji tare da malamansu, ranar kiɗa su zo da sarewarsu su busa tare da okestira daga kujerunsu. Tushen dai ɗaya ne: kada yaro ya shigo zaure hannu rabbana, a ba shi abin yi.

Shirinsa na ƙarshe, a Maris na 1972, a kan kiɗan Gustav Holst ne na Ingila, wanda ya siffanta sauran duniyoyin da ke kewaya rana, kowace da sashenta. Holst ya gama aikin tun zamanin Yaƙin Duniya na Farko, ita kuwa Pluto sai a 1930 aka gano ta, saboda haka ba ta ciki. Bernstein ya ce bari su cike giɓin. Babu takarda a gaban kowa, babu abin da aka rubuta. Ya ɗaga hannu, makaɗa suka bi motsinsa, kowa na ƙirƙirar abin da zai kaɗa nan take yana sauraron na kusa da shi. Mutanen da duk rayuwarsu ba sa ƙara ɗigo a kan abin da aka rubuta musu, ga su suna lalube a bainar jama'a. Ba mai iya gaya wa yaran abin da zai biyo baya, don ko madugun bai sani ba. Bayan shekara 14 yana nuna musu inda za su sa kunne, ya sallame su da kiɗan da shi da su suka ji a karo na farko tare, ya bar musu hukuncin ko ya yi daɗi.